Ƙiba da Tumbi Bayan Shekara Arba'in: Darasi ga Hakimai da Magatakardansu

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin iyayen ƙasa, watau hakimai, da malaman da ke riƙe musu alƙalami. Dalili kuwa biyu ne. Na ɗaya, galibin masu riƙe da waɗannan muƙamai sun ba shekara arba'in baya, kuma aikinsu na zama ne, daga zaure sai ofis, daga ofis sai mota. Na biyu, abin da talakawa suka ga hakimi yana yi ya fi abin da suka ji a rediyo shiga zuciyarsu. Saboda haka ana roƙon kowane magatakarda ya karanta darasin nan a tsanake, sa'an nan ya karanta shi a majalisa ranar da dagatai da masu unguwanni suka hallara.

Abin da darasin ke koyarwa shi ne, tumbin da ke zo wa mutum a tsakiyar rayuwa kaya ne, kuma ana iya sauke shi, amma a hankali, bisa awo, ba tare da an zubar da ƙarfin jiki ba.

1. ABIN DA MUKA GADA GAME DA ƘIBA

A ƙasar nan an daɗe ana yi wa ƙiba kallon arziki. In aka ga mutum ya yi wuya, ya ajiye teɓa, babbar riga ta zauna masa daram, sai a ce wane ya samu, hankalinsa ya kwanta. In kuwa ya rame, sai a shiga tambaya, shin ciwo ne, ko bashi, ko damuwar iyali? Wannan fahimta tana da tushe. Kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1974, kuma a zamanin da rumbu ke ƙarewa tun kafin kaka, mai ɗan kitse a jiki shi ke da guzurin bazara.

Amma in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Rangadin da ake yi bisa doki kwana da kwanaki, yanzu a mota ake gama shi cikin yini guda. Tafiyar cin kasuwa da ƙafa ta koma ta babur. Injin niƙa ya karɓe aikin turmi da dutsen niƙa. Sukari, wanda a da sai gidan wane da wane, yau yana cikin shayin safe, da kunu, da fura, da zoɓo, da lemon kwalba. Aikin jiki ya ragu, maiƙo da zaƙi sun ƙaru, abin da ya yi saura kuwa jiki ba ya zubarwa, tarawa yake yi ya mai da shi kitse.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma yawan irin wannan ƙiba a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990.

2. ME YA SA TUMBI KE ZUWA BAYAN ARBA'IN?

Mutane da yawa sukan ce da zarar an kai arba'in jiki ya daina ƙona abinci, don haka ba abin da za a iya yi. A 2021 masana ƙarƙashin jagorancin Herman Pontzer na Jami'ar Duke ta Amurka suka buga sakamakon awon da aka yi wa mutum fiye da 6,000 daga ƙasashe 29. Suka iske cewa, in an yi la'akari da girman jiki, yadda jiki ke ƙona abinci ba ya sakewa tun daga shekara 20 har zuwa 60. Sai bayan 60 yake soma raguwa, shi ma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Ashe ke nan laifin ba na shekaru kaɗai ba ne. Manyan dalilan su ne waɗannan:

(a) Motsi yana raguwa. Wanda girma ya hau kansa ba a barinsa ya ɗauki ko da buta. Aike yake yi, a kawo masa.

(b) Tsoka tana raguwa. Daga shekara 30 mutum yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa a kowace shekara goma, musamman in ba ya aikin ƙarfi. Tsoka kuwa ita ce murhun da ke ƙona sukarin jini.

(c) Ci yana ƙaruwa. Samu ya ƙaru, gayyata ta ƙaru: yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi walimar naɗin sarauta, ko'ina kuma akushin babba shi ne mai tsoka da man shanu.

(d) Mata in sun daina al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, kitsen da ke zama a cinya da ƙugu yakan koma ciki.

(e) Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, wasu magunguna ma suna sa ƙiba.

Abin ba ya zuwa rana ɗaya. Kilo ɗaya a shekara ba wanda zai lura da shi, amma cikin shekara ashirin ya zama kilo ashirin. Babbar riga tana rufe shi, wando mai zariya kuwa ba ya ƙorafi, sassauta shi kawai ake yi.

3. ILLAR KITSEN CIKI

Kitsen jiki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya mintsina da yatsa. Akwai kuma na can cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji ya shiga hanta. Wannan na biyu shi ke tura tumbi gaba ya yi tauri, shi ne kuma mai haɗari.

A jikin mutum akwai wani sinadari da ake kira insulin, wanda aikinsa kamar na mabuɗi ne: yana buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofa ya shiga tsoka. In kitse ya yi yawa a ciki da hanta, sai ƙofar ta riƙa cijewa, sukari ya taru a jini. Wannan shi ne mafarin ciwon sukari irin na manya, wanda in ya daɗe yakan lalata ido da ƙoda, ya sa gyambon ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ta. Haka kuma ƙiba tana jawo hawan jini, shi kuwa hawan jini shi ne kan gaba wajen kawo shanyewar ɓarin jiki. Tana kuma da hannu a ciwon zuciya, da wasu irin ciwon daji, kamar na hanji, da na mama ga matan da suka daina al'ada.

Akwai illolin da mai jiki ke ji tun kafin likita ya faɗa masa. Gwiwa tana ƙara in za a durƙusa gaisuwa a fada. Zaman tahiya yana wuya. Hawa doki ran salla sai an tallafa. Da dare ga minshari mai ƙarfi, numfashi yana ɗaukewa yana dawowa, da rana ga gyangyaɗi a tsakiyar sauraron ƙara. Kada a ce duk tsufa ne. Sau da yawa nauyi ne.

4. YADDA AKE AWO

Kafin a ce wane ya rage ƙiba, lalle ne a auna, domin ido yana ruɗi. Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar kome sai igiya.

Mutum ya tuɓe takalmi da hula, ya tsaya sak a jikin bango. A auna tsawonsa da igiya daga dunduniya zuwa tsakar ka, a yanke. A ninke igiyar gida biyu. Sa'an nan a zagaya ta a cikinsa, a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, watau ɗan sama da cibiya, bayan ya saki numfashi, ba tare da ya shanye ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu har da saura, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya soma yawa. Ƙa'idar ita ce kewayen ciki kada ya kai rabin tsawo, kuma ita ce hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta amince da ita a 2022. In da tef irin na tela, mai tsawon santimita 170 ana so cikinsa ya gaza 85. In ya kai 102, haɗarin ya yi girma. Wannan awo ba na yara ba ne, ba kuma na mai juna biyu ba.

Hanya ta biyu tana bukatar sikeli da ɗan lissafi, wanda ba zai gagari magatakarda ba. A ninka tsawon mutum da kansa a mita, a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Misali, 1.7 sau 1.7 ya ba da 2.89. In nauyinsa kilo 87 ne, a raba 87 da 2.89, za a sami 30. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce mai yawa. Likitocin Ingila suna sauko da waɗannan iyakoki zuwa 23 da 27.5 ga baƙar fata, domin ciwon sukari yakan kama mu tun nauyi bai kai na Turawa ba.

5. NAWA ZA A RAGE, KUMA CIKIN WANE LOKACI?

Ba a ce dattijo ya koma jikinsa na samartaka ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa ya sauko da sukari da hawan jini. Ga mai kilo 90, wannan kilo huɗu da rabi ne zuwa tara.

A 2002 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya soma hawa amma bai zama ciwo ba tukuna. Aka nemi wani rukuni daga cikinsu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Ga waɗanda suka kai shekara 60 kuwa, ta ragu da kashi 71. Watau dattawa sun fi matasa cin riba. A 2017 kuma wani gwaji da Roy Taylor na Jami'ar Niyukasil da Mike Lean na Jami'ar Gilasgo suka jagoranta a Birtaniya ya nuna cewa kusan rabin masu ciwon sukarin da bai daɗe ba, waɗanda aka bi da su ta hanyar rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita bayan shekara guda ba tare da magani ba. Gwiwa ma tana samun sauƙi, domin an auna an ga kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke mata nauyin kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Game da sauri, rabin kilo a mako ya isa, kada a wuce kilo ɗaya. Wanda ya hana kansa abinci don ya rame da gaggawa, ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka. In kuwa ya gaji ya koma cinsa na da, kitsen ne ke dawowa, tsokar ba ta dawowa da sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa.

6. GYARAN AKUSHI

Ba a bukatar abincin kanti ko na ƙasar waje. Abin da ke rumbu da fadama ya isa, in an gyara yawansa.

Sukari. Nan za a fara, domin nan ne riba ta fi sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in an iya tsayawa a 6 ya fi. Wanda ke shan shayi kofi uku, kowane da cokali uku, ya sha kimanin kilo 13 na sukari a shekara. Robar lemo mai zaƙi ta rabin lita tana ɗauke da kimanin cokali 12 ita kaɗai. Zaƙin da aka sha ba ya ƙosarwa, sai a sha a kuma ci. A rage cokali ɗaya kowane mako har harshe ya saba. A dama fura da nono ba sukari, a sha zoɓo da citta da kanumfari, ƙishirwa kuwa ruwa ne maganinta. Zuma ma sukari ce a wajen jiki, kada a ruɗu.

Tuwo. Mun saba tuwo ya zama tudu, miya ta zama ɗan lasa. A juya abin. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannun mai ci, miya kuwa ta yawaita, mai ganye sosai: kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, yakuwa, taushe mai kabewa. Tuwon dawa da na gero waɗanda ba a surfe su fes ba, da fate, da dambu mai ganye, sun fi farar shinkafa da burodi da taliya riƙe ciki.

Mai. Ana auna ƙarfin abinci da ma'aunin da ake kira kalori. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na gari ko sukari yana da 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, ko manja, ko man shanu, ya kai kalori 120. A riƙa zuba mai da cokali, a bar tuttulawa daga kwalba. Ƙosai, da waina, da fankaso, da soyayyen nama, a mai da su na jefi-jefi. Alkaki da nakiya da dubulan a bar su ga ranar biki.

Abinci mai gina jiki. Wannan ba a rage shi, domin shi ke tsare tsoka. Kowane ci ya zama da wake, ko ƙwai, ko kifi, ko kaza, ko tsoka maras kitse, ko nono. Mai ciwon ƙoda kaɗai ya tambayi likita gwargwadon da zai ci.

Ganye da 'ya'yan itace. Kwaɗon zogale ko na rama kafin tuwo yana cika ciki da abu mai amfani. Gwaiba, da gwanda, da lemo, da yalo, da karas, su maye gurbin cincin da biskit.

Gishiri. Ba ya sa kitse, amma yana ta da hawan jini. Iyakarsa ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano na miya, wanda kimanin rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna ba da ɗanɗano.

A guji cika ciki dab da kwanciya, a bar tsiren tsakar dare. A watan azumi nauyi yakan ragu kaɗan, amma yakan dawo 'yan makonni bayan salla, musamman in soye-soye da kunu mai sukari suka mamaye buɗa-baki.

7. MOTSA JIKI

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin sa'a a kwana biyar. Tafiya da ƙafa ta wadatar, in an yi ta da ɗan sauri, yadda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Bayan asuba ko bayan la'asar ya fi, sa'ad da rana ba ta da zafi. Wanda ya daɗe bai yi ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa. Tattakin minti goma bayan cin abinci yana taimakawa wajen sauko da sukarin jini.

Wani zai ce bai dace da girman hakimi a gan shi yana yawo a ƙasa ba. Hakimin da ya taka da ƙafarsa ya dubo rijiya, da magudanar ruwa, da makaranta, da asibitin gari, aikinsa na uban ƙasa yake yi, kuma zai ga abin da ba a gani daga cikin mota.

Ban da tafiya, ana bukatar aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. A tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafawa ba. A dafa bango da hannu biyu a riƙa turawa. A ɗaga jarkar ruwa madaidaiciya. Riƙe fartanya a gona shi ma yana ciki. Wanda ya kai 65 ya ƙara da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, domin tsare kai daga faɗuwa. Matan da ba sa fita su zagaya tsakar gida, su kuma riƙe ɗan daka da shara, kada su sakar wa yara duka. In aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki mai tsanani, a tsaya nan take a nemi likita.

8. GARGAƊI GAME DA TSOFAFFI

Wannan sashe a karanta shi sau biyu. Abin da ya dace da ɗan shekara 45 ba lalle ne ya dace da ɗan 75 ba. Ga wanda ya wuce 65, ɗan nauyin da ya ɗara kima kaɗan ba abin tsoro ba ne, yakan ma zama garkuwa ranar jinya. Babban abin tsoro gare shi shi ne zubewar tsoka da raunin ƙashi, waɗanda ke kai ga faɗuwa da karaya da kwanciya. Tsoho kada ya shiga rage ƙiba sai likita ya ga akwai bukata, kamar ciwon sukari ko ciwon gwiwa mai tsanani, kuma ko an shiga, a haɗa da abinci mai gina jiki da aikin ƙarfafa tsoka.

Haka kuma a rarrabe tsakanin ramar da aka nema da wadda ta zo da kanta. Duk wanda ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara, alhali bai sake ci ko aiki ba, asibiti ya kamace shi. Irin wannan rama takan zama alamar ciwon sukari, musamman in da yawan ƙishirwa da fitsarin dare. Ko tarin fuka, in da tari na mako biyu ko fiye da gumin dare. Ko ciwon daji. Ko baƙin ciki da kaɗaici. Ko kuwa haƙora ne suka lalace har tauna ta gagara. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe dominsa. Dagatai da masu unguwanni su sa ido kan tsofaffin da ke zaune su kaɗai.

Wanda ke shan maganin sukari ko na hawan jini kuma ya sanar da likitansa kafin ya soma, domin in nauyi ya sauka maganin yana iya yi masa yawa, sukari ya faɗi ƙasa ko jiri ya kayar da shi. Kada ya rage ko ya daina magani da kansa.

9. MAGUNGUNAN RAGE ƘIBA

Kasuwa da tasha da wayar hannu sun cika da tallar shayi da jiƙo da ƙwayoyi masu narkar da tumbi cikin mako guda. Da yawansu filasko ne ko makamancinsa, mai sa zawo, ko kuwa mai sa yawan fitsari. Abin da ke fita ruwa ne, kitse yana nan, ga kuma haɗari ga ƙodar dattijo. An sha samun wani magani mai suna sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kaya da ake cewa na ganye ne zalla, alhali tun 2010 aka janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Abin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC kada a kusance shi, mai lambar ma a tambayi likita. Ɗamarar matse ciki kuwa ba ta narkar da kome.

Akwai magunguna na gaskiya. A 2021 Amurka ta amince da allurar semaglutide, wadda ake yi sau ɗaya a mako, domin masu ƙiba mai yawa. A gwaji ta rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyi cikin mako 68. Amma tana da tsada, takan sa tashin zuciya, kuma waɗanda suka daina ta, kimanin kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai jabunta a kasuwa. Wannan sha'anin likita ne, ba na mai talla ba.

10. IYALI DA BAKIN MUTANE

Abin da ya fi kayar da mai niyya ba yunwa ba ce, kunya ce. Mai girki in ta ga akushi ya dawo da saura za ta ɗauka an raina hannunta, balle a gidan da ake karɓa-karɓar girki. Saboda haka maigida ya tara iyalinsa tun farko, ya fara da uwargida, ya bayyana musu cewa umurnin lafiya ne, kuma ƙa'ida ɗaya ce a ranar girkin kowacce. Gyaran tukunya zai amfani gidan duka.

A wurin biki ba sai an ƙi ci ba. Babba ya sa albarka da loma biyu ko uku, ya miƙa wa na ƙasa, wannan al'ada ce da aka sani. In jiki ya soma sauka kuwa, za a yi ta tambaya, ranka ya daɗe, lafiya kuwa? Amsa ita ce, lafiya ce ta kawo haka. In an ga hakimi yana tafiya ba haki, yana hawa doki ba tallafi, tambayar za ta koma neman shawara.

11. AIKIN HAKIMI DA MAGATAKARDA

(a) Hakimi ya fara da kansa: a auna masa ciki da nauyi, ya je a gwada jininsa da sukarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

(b) Magatakarda ya buɗe ɗan littafi ga wanda ya yarda, ya rubuta kwanan wata, da nauyi, da kewayen ciki. Nauyi sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo; ciki sau ɗaya a wata. Littafin amana ne, ba a karanta shi a majalisa.

(c) A gayyaci jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya zo ranar taron dagatai da na'urar awon jini. Mata su auna mata.

(d) A tarurrukan fada a ajiye ruwa mai sanyi da 'ya'yan itace a maimakon lemon kwalba.

(e) A hana yi wa mai ƙiba ba'a. Wanda aka kunyata ɓuya yake yi, ba ya zuwa awo.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Mutum mai tsawon santimita 160, nawa ne iyakar kewayen cikinsa?
2. Mai kilo 80 da ke son rage kashi 5 cikin ɗari, kilo nawa zai rage, kuma mako nawa zai ɗauka in yana rage rabin kilo a mako?
3. Don me ba a so mai rage ƙiba ya rage wake da kifi da nono?
4. Faɗi alamomi uku da ke nuna ramar tsoho ta asibiti ce.
5. Wane abu ɗaya za a iya sakewa a gidanka tun daga wannan mako?

Allah ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da nisan kwana, amin.